Hular Bangon Baba

Sau biyu ina ɗauko littafin nan ina mayar da shi ƙarƙashin katifa ban rubuta komai ba. A aji huɗu na tsaya, kuma ko maganar fatar baki ba ta zuwa mini da sauƙi, balle rubutu. Amma a layinmu an riga an gama magana cewa aikina ne bai riƙe ruwa ba. Yayana ma haka ya ɗauka. Ni kuwa idan na buɗe baki a gaban mutane sai maganar ta maƙale mini a wuya. Shi ya sa na ce bari in sa a takarda yadda abin ya faru.

Babana magini ne. Gidanmu da hannunsa ya gina shi: ɗaki ɗaya, falo, sai ɗan ƙaramin ɗakin da nake kwana, wanda asalinsa na ajiye kayan aiki ne. Bangon gefen gidan, wanda ya tashi ya yi tsini a inda rufin kwano ya haɗu, shi ne bangon ɗakin Baba. A saman bangon nan akwai ɗaurin siminti da ya hau ta gefe ɗaya, ya kai tsini, ya gangaro ta ɗaya gefen. Shi ne ya danne bakin kwano don kada ruwa ya bi tsakanin kwano da bulo. Baba yana ce masa hular bango.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu da shekara biyu, ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Hannun hagu ne ya rage masa. Na ɗauko tsohon cokalinsa na gini, wanda aiki ya cinye wa baki, na sa masa a hannu. Da ƙotarsa yake buga ƙarfen gado. Bugu ɗaya, eh. Bugu biyu, a'a. Idan ya yi ta bugawa babu tsayawa, ko dai fushi ne ko fitsari, sai na shiga in ga wanne ne.

Da daminar bana ta kankama, hular ta fara ba ruwa hanya. Da farko bangon ne ya yi duhu daga sama. Sannan fenti ya kumbura ya fara zubowa, baƙin tabo ya fito kamar an shafa gawayi, ɗakin ya ɗauki warin tsumman da bai bushe ba. Na ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki, na jera kwanuka a gindin bango. Bai hana tari kama Baba ba. Na so in mayar da shi falo, ya buga biyu har sai da cokalin ya faɗi. A ɗakin nan mahaifiyarmu ta cika. Kuma tagarsa ce ke kallon titi. Tsofaffin leburorinsa idan za su wuce sukan leƙo su ce, "Oga, barka da hutawa," ya ɗaga musu cokali. Abin da ya rage masa na duniya ke nan.

Ranar Lahadi Yaya ya zo, ya kai shi asibiti ya dawo da shi. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon bangon, makullin mota a hannunsa.

"Likita ya ce ƙirjinsa ba zai sake ɗaukar sanyi ba," in ji shi. "Ranar Asabar zan dawo. In na ga ɗigo ɗaya a ɗakin nan, a mota zan sa shi."

Baba ya buga biyu.

"Ka buga ɗari, Baba. Gida ake so ko kai?"

Kada wanda ya karanta ya ɗauka Yaya mugu ne. Shi ke kawo magani, shi ke kai shi asibiti bayan ya taso daga aiki a gajiye. Sai dai inda yake zaune hawa na uku ne, a can ɗaya ƙarshen gari, ɗaki biyu da matarsa da yara huɗu. Falo za a raba da labule a sa gadon Baba. Tagar falon bangon wani gida take kallo.

Akwai magina biyu da Baba ya koya wa aiki. Na je wurinsu da ƙafata. Ɗaya ya ce zai zo gobe, har yau goben ba ta yi ba. Ɗayan ya zo, ya tsaya daga ƙasa ya ɗaga kai, ya ce ai ƙaramin aiki ne, ya shiga ya gaida Baba, ya tafi. Da damina kowa yana da babban gini a gabansa, babu mai jingina tsani saboda tsaga.

Ranar Laraba na tura baro zuwa shagon mai siminti, na ce ya auna mini rabin buhu.

"Wa aka samu?" ya tambaya.

"Ni ce."

Ya bar awon ya dube ni. Na dubi ƙasa.

"Au, Leburar Oga," ya ce. "To, ki gaida shi. Ki ce masa na ce duniya ta zo ƙarshe."

Wannan sunan Baba ne ya sa mini. Lokacin da na bar makaranta, mahaifiyarmu tana yawan kwanciya asibiti, babu wanda za a bar ni wurinsa, sai ya riƙa tafiya da ni wurin aiki. Na tankaɗe yashi, na jido ruwa, na iya kwaɓa, na iya ba sabon gini ruwa safe da yamma. Abu ɗaya ne bai taɓa bari na yi ba: hawa. Ko bulo uku aka ɗora na taka, sai ya daka mini tsawa. "Lebura, ƙafarki a ƙasa." Ya taɓa ganin wani abokin aikinsa ya zamo daga rufi, kuma shi ne ya kai wa matar mutumin takalmansa.

Ranar Alhamis da safe, bayan na wanke Baba na ba shi magani, na durƙusa a gefen gadon.

"Baba, zan gyara hular bango."

Bugu biyu.

"Babu mai zuwa. Na je wurinsu duka."

Biyu.

"Jibi Asabar."

Ya daɗe yana kallon silin. Ƙirjinsa yana ƙara kamar ana jan takarda.

"A kan tsani zan tsaya," na ce. "Ba zan taka kwano ba. Ni zan ƙwanƙwasa, kai ka saurara. In da lafiya ka buga ɗaya in bari. In ya saki ka buga biyu in fasa."

Idonsa ya dawo kaina. Can sai ya buga ɗaya.

Haka yake gwada yaɓe tun yana da lafiya. Bai yarda da ido ba, ya ce siminti ya iya ƙarya ga mai kallo. Sai ya bi bango da ƙotar guduma yana ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya yana amsawa a taƙaice, da ƙarfi. Inda ya rabu da bulo yana amsawa kamar an bugi bokitin roba a kife. Ni ma na san sautin. Amma na so ya ji cewa har yanzu shi ke ba da umarni a kan bangonsa.

Na buɗe masa taga duka. Na sa tsohon wandonsa na aiki a ƙarƙashin zanena, na ɗaure ƙugu. Maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda muke kira Goggo duk da ba mu haɗa komai ba, ita ta zo riƙe mini tsani.

"Ke da ba kya iya duban mutum a ido," in ji ta, "yau gari duka zai dube ki daga ƙasa."

"Goggo, ki riƙe da hannu biyu."

"Da haƙori ma zan haɗa. Hau."

Tsanin katako ne, na Baba, matakala ta huɗu an ɗaure ta da waya. Na fara daga ƙasan gefen dama, inda bai yi tsawo ba. Daga kusa abin ya fi yadda na zata muni. Wata tsagar siririya ce kamar zare, wata kuwa yatsana ya shige. A cikin ɗaya har ciyawa ta tsiro ta yi fure.

Na ƙwanƙwasa. Daga cikin ɗaki ƙarfen gado ya amsa sau biyu.

"Ya ce biyu," in ji Goggo.

"Na ji."

"To, ni dai na isar."

Na sa cizal, ƙarfen fasa siminti, na buga. Simintin ya ɓalle guntu-guntu, ƙarƙashinsa yashi ne jiƙe, yana marmashewa a hannu. Na matsa gaba taki ɗaya, na ƙwanƙwasa. Biyu. Na ƙara. Biyu. Sai a wuri na biyar ya buga ɗaya, kuma ni ma na ji wurin ya amsa da ƙarfi. Haka muka yi ta yi, ina sauka muna matsar da tsani ina sake hawa. Mutumin da bai taɓa yarda an kushe aikinsa ba, ga shi yana kwance yana yanke wa aikin hannunsa hukunci taki bayan taki, kuma bai yi wa kansa sassauci ko sau ɗaya ba.

Wani mutum da ke wucewa a kan keke ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa.

"Babu maza ne a gidan?"

"Akwai mana," in ji Goggo. "Ga ka nan Allah ya kawo. Jingine keken ka hau."

Ya ce sauri yake yi.

Da na gama fasa gefen dama da na hagu, na share wuraren da tsintsiya, na jiƙa su sosai, don busasshen bulo yana shanye ruwan sabon kwaɓi ya bar shi ba ƙarfi. Na sauko na tankaɗe yashi a gindin taga. Kwano uku na yashi, ɗaya na siminti. Na juya su a bushe har launinsu ya zama ɗaya, na buɗe tsakiya na zuba ruwa. Ina cikin juyawa da shebur sai na ji biyu daga ɗaki.

"Me kuma?" in ji Goggo.

"Ruwa ya yi yawa. Ya ji a ƙarar shebur."

"Ikon Allah. Ko a kwance bai daina zama oga ba."

Na ƙara siminti da yashi. Na sake juyawa. Ɗaya.

Na dama siminti zalla da ruwa, na shafa a wuraren da na fasa don sabo ya kama tsoho. Sannan na riƙa ɗora kwaɓin ina dannawa da cokali har ya cika ramin, ya hau bakin kwano, na karkata samansa yadda ruwa zai zame ya faɗi waje. Layin farko ya fito a karkace. Na kankare na sake. Rana ta hau, kwanon rufi ya fara huro mini zafi a fuska. Siminti ya ci tafin hannuna, tsakanin yatsuna ya fara tsagewa. Duk da haka, ban ɓoye ba, na ji daɗi. Tun da Baba ya kwanta ban yi wani abu da ya wuce wanki da goge-goge ba.

Saura tsini.

Tsanin bai kai can ba. Na hau har matakala ta biyun ƙarshe, na manna ƙirjina da bango, na miƙa hannu, saura kamar kamu biyu. Ina cikin miƙewa ƙafar tsanin ta ɗan nitse a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsanin ya goce kaɗan. Na rungumi bango, gwiwar hannuna ta ture wani guntun tsohon siminti da na bari a sama, ya faɗa kan kwano ya gangara da ƙara har ƙasa. Goggo ta saki salati.

Sannan ƙarfen gado ya fara ƙara babu tsayawa.

"Lafiya lau, Baba," na ce da ƙarfi. "Dutse ne ya faɗi. Ina nan."

Bai daina ba sai da Goggo ta leƙa ta taga, hannunta ɗaya a kan tsani, ta rantse masa.

Na sauko, na ɗaure guduma a jikin sandar tsintsiya da tsumma, na sake hawa. Na miƙa sandar na ƙwanƙwasa tsinin don kaina, a hankali. Bokitin roba a kife. Babu ko shakka. Ya ma fi duk sauran wuraren.

"Goggo," na ce, "wannan ba zai yiwu daga tsani ba. Sai na hau kan kwano ta baya in rarrafa."

"Kwanon nan da ya girme ki? Duk tsatsa ne."

"In na bi layin ƙusa akwai katako a ƙasa."

Ban tuna cewa taga a buɗe take ba. Ko na tuna ban ɗauka wani abu ba ne.

"Baba, ga na tsini," na ce, na ƙwanƙwasa da ƙarfi yadda zai ji.

Shiru. Har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

Ɗaya.

Na ɗauka bai ji da kyau ba. Na matsar da gudumar, na sake bugawa sau uku. Sautin ya fito a fili, ko Goggo da ba ta san gini ba sai da ta ɗaga kai.

Ɗaya.

"Baba, ka saurara dai."

Na buga na uku. Ya amsa da bugu ɗaya mai ƙarfi, irin wanda yake yi idan ya gama magana.

"Ya ce ɗaya," in ji Goggo. "Sauko, 'yar nan, hannuna ya mutu."

Na tsaya a kan tsanin da sanda a hannu. Na ce a raina wataƙila nisa ne ya sa kunnensa bai kama ba. Na ce wataƙila ya gaji da rushe aikinsa, yana so a bar masa ko taki biyu. Na ce kuma wa ya sani, wataƙila ni ce ban iya ji ba, shi da ya yi shekara talatin yana wannan aiki. Tun da nake ban taɓa ce wa Baba ba haka ba ne a kan gini. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka, wanda nake jin kunyar rubutawa: tsoron hawa kwanon nake yi, kuma da ya buga ɗayan nan sai na ji sanyi a raina.

Na sauko. Na jiƙa tsofaffin buhuna na lulluɓe sabon aikin, na ɗora leda a kai na danne da duwatsu.

Da yamma Baba ya ci abinci fiye da kullum. Ya kama hannuna ya juya tafin, ya daɗe yana kallon tsagar da siminti ya yi mini. Ya nuna kwalbar man da nake shafa masa a baya. Na shafa. Ranar Juma'a tun gari bai gama wayewa ba ya fara buga gado. Na shiga da gudu da kwanon fitsari, sai ya nuna sama da cokali. Ruwa yake so in ba simintin. Na ba shi da safe, na ba shi da yamma. Ya yi kyau, ya yi duhu, babu tsaga ko ɗaya.

Ranar Asabar Yaya ya iso bayan azahar, hadari yana haɗuwa a bayansa. Ya tsaya a waje ya ɗaga kai. Na riga na cire buhunan don ya gani.

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Ke da wa?"

"Ni da Baba. Goggo ta riƙe tsani."

Ya ja baya ya sake kallo, ya karkata kai. "Ba laifi," ya ce. A bakin Yaya wannan babban yabo ne.

Ruwan ya sauko muna cikin ɗakin Baba mu uku. Ruwa ne mai ƙarfi, da iska, irin wanda ke bugun bangon gefe kai tsaye. Yaya ya zauna a kujera yana fuskantar bangon, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ƙarar kwano ta cika ɗakin. Kusurwar dama, inda ruwa ya saba fara biyowa, ta zauna a bushe. Ta hagu ma haka. Na ƙirga numfashina har na ɓata lissafi. Yaya ya miƙe ƙafafu, ya ajiye makullin mota a kan tebur.

"Baba," ya ce da ƙarfi, yana murmushi, "ashe ka bar magaji ba mu sani ba. Ni da ka ce ko ƙusa ban iya bugawa ba."

Baba bai ma dubi Yaya ba. Idonsa yana wuri ɗaya, tsakiyar bangon, daidai inda ya haɗu da silin. Tun da ruwan ya fara can yake kallo.

Na bi idonsa. Wani ɗan tabo ya fito a wurin, kamar girman tafin hannu. Ya yi duhu, ya faɗaɗa. Sai layin ruwa ɗaya ya gangaro, miƙe sak, daga ƙarƙashin tsini har ƙasa.

Yaya ya tashi ya taɓa bangon, ya dubi yatsansa. Bai ɗaga murya ba.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce. "Amma aikin nan ba naki ba ne. Haɗa masa kaya."

Na buɗe baki in ce ba inda na gyara ba ne, wuri ɗaya ne ya rage, na san shi, a ba ni kwana ɗaya. In na faɗi haka zai tambaye ni me ya sa na bar shi. Na dubi Baba. Ya rufe ido. Na rufe bakina, na jawo jaka daga ƙarƙashin gado.

Kayansa ba su da yawa. Riguna huɗu, bargo, magunguna, kwanon fitsari, kofinsa mai murfi. Da na zo sa cokalin a jaka, Yaya ya riƙe hannuna.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Da shi yake magana."

"Can akwai mutane a ƙasanmu, ga jariri. Ba za a yi ta buga ƙarfe ba. Yara suna nan kullum, in yana son abu za su gani."

Ya ajiye shi a kan tebur.

Da ruwan ya tsagaita Yaya ya goya Baba. Ban san ya zama marar nauyi haka ba, da hannu ɗaya Yaya ya tallafe shi ya buɗe mota da ɗayan. Goggo ta fito da laima ta rufa musu, tana cewa, "Oga, sai mun zo dubiya." Mutanen layi sun tsaya a ƙofofinsu suna kallon motar, suna ɗaga kai suna kallon bangon.

"Yaya," na ce, "in an gyara za ka dawo da shi?"

"Ƙanwata, hawa uku ne. Ba buhu ba ne da za a yi ta hawa da sauka da shi." Ya share fuskarsa da hannu. "Wurin kwananki babu yanzu. Ki riƙa zuwa da safe, mota biyu ce kawai. Maganar gidan nan kuma sai mun zauna."

Ya koma ciki ɗauko katifa. Na durƙusa a bakin ƙofar motar. Na gyara wa Baba bargo, na sa hannuna a ƙarƙashin nasa na hagu.

"Baba, ka ji shi ranar nan, ko? Na tsini."

Yatsansa ya taɓa bayan hannuna sau ɗaya.

"Ka san zai zuba."

Ɗaya.

"Ka ji abin da na ce wa Goggo. Don kada in hau kwano ne."

Ya juya fuskarsa wajen ɗaya gilashin. Na ɗauka ba zai amsa ba. Sai na ji yatsan, a hankali. Ɗaya.

"Da ka bari, Baba. Rabin awa ne. Da yanzu kana ɗakinka."

Na matso kusa da kunnensa.

"Gobe zan hau."

Biyu. Ya sake, biyu. Ya yi ta bugun hannuna da yatsa, biyu, biyu, bakinsa yana motsi babu abin da ke fita, har Yaya ya fito da katifa a kai ya ce in matsa ya rufe ƙofa.

Washegari ban kira Goggo ba. Na jira rana ta busar da kwano. Na tankaɗe yashi, uku da ɗaya, na saurari ƙarar shebur da kaina. Na fara ba sabon aikin ruwansa na safe. Sannan na kai tsani bayan gida inda rufin ya fi kusa da ƙasa, na cire takalma, na ɗaura bokitin kwaɓi da igiya a ƙuguna. Na hau. Na bi layin ƙusa da gwiwa da tafin hannu, kwanon yana lotsawa yana ƙara a ƙarƙashina. Ban dubi ƙasa ba.

A tsinin, ta ɓangaren kwano inda ba a gani daga titi, tsagar ta isa hannuna ya shiga. Na ɗaga ƙotar guduma na ƙwanƙwasa, na karkata kai wajen taga ina jira. Sai da na jira sosai kafin na tuna.

Bugu ɗaya na yi wa tsohon simintin da cizal ya taso gaba ɗayansa. Na share, na jiƙa, na shafa ruwan siminti, na cika, na karkata saman yadda ruwa zai zame. Da tsohon cokalin Baba na goge shi, mai cinyayyen baki, ya fi shiga kusurwa. Na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na sauko da baya ta layin da na bi.

Na wanke cokalin na goge shi. Na shiga ɗakin na kwashe kwanukan gindin bango, na share, na buɗe taga. Sannan na ajiye cokalin a kan ƙarfen gado ta gefen hagu, inda hannu yake kaiwa.